Sunan da Jamusawa ke kiran kansu

Tun ina ƙarami nake jin sunan Jamus a rediyon Baba. Bayan Magariba zai shimfiɗa tabarma a ƙofar gidanmu na Tudun Wada, ya kamo sashen Hausa na Deutsche Welle, wanda ke watsa shiri tun 1963. Ban taɓa tambayar mene ne "Deutsche" ɗin nan ba.

Sai bana da na fara koyon Jamusanci a Samaru, wajen wani malami da ya yi karatu a Jamus. Ranar farko na ce, "Malam, su yaya suke cewa Jamus?" Ya rubuta Deutschland a allo. Namiji der Deutsche, mace die Deutsche, jama'ar kuma die Deutschen. Ya ce tushen kalmar shi ne diutisc, wato "na jama'a": harshen da mutanen gari ke yi, saɓanin Latin na malaman coci. Ashe Bajamushe da Jamusawa namu ne, mu muka ɗinka musu.

Maƙwabtansu ma kowa da irin kiran da yake musu. Faransawa na cewa Allemagne, daga ƙabilar Alemanni da ke bakin iyakarsu, kuma shi ne Almaniya da muke ji a bakin Larabawa. Mutanen Finland na cewa Saksa. Na Poland kuwa Niemcy, daga kalmar da ke nufin bebe, don ba sa jin abin da suke faɗa. Wannan ya tsaya mini a rai har na sauka daga motar Samaru.

Ai mu ma haka ne. Yarabawa su ce Gambari, Fulani su ce Haɓe, mutanen Borno su ce Afuno. Mu kuma mu ce musu Barebari, alhali Kanuri suke kiran kansu. Ina da aboki ɗan Maiduguri, shekara uku ina ce masa Babarbare, ban taɓa tambayarsa ko yana so ba. A daren nan na kira shi na tambaya.

Mako na biyu muka koyi gabatar da kai. Ni Nigerianer ne, ƙanwata Nigerianerin, mutumin Berlin kuma Berliner. Na ce, "To Malam, Bazazzagi fa?" Ya yi shiru kaɗan, ya rubuta mini Ich komme aus Zaria, wato "daga Zariya nake". Na kwafa a littafina, na ƙara Zazzau a ƙarƙashi, don da shi Kaka ke kiran garin har ta rasu.