Tuffar da ta ɗauki sunan mahauci

Jama'a, ranar Asabar abokan karatu suka ja ni Southwell, wani ƙaramin gari kusa da Nottingham a Ingila. Muka zauna a mashayar The Bramley Apple Inn. Su da giyarsu, ni da shayina. Sunan wurin ne ya tsaya mini a rai.

Ashe a kan wannan titin, Church Street, uwar bishiyar tuffar Bramley take. Wata yarinya, Mary Ann Brailsford, ita ta shuka ƙwayar a bayan gidansu wajen 1809. Matthew Bramley, mahauci ne, sai 1846 ya sayi gidan. Bayan shekara goma wani saurayi, Henry Merryweather, ya nemi izinin yankar rassa don ya yaɗa irin, mahauci ya ce to, amma fa da sunansa za a sayar. Kura da shan bugu, gardi da kwashe kuɗi! Ni dai a ganina an ci haƙƙin yarinyar nan.

Tuffar kanta tsami gare ta kamar tsamiya, ta girki ce, sai an dafa da sukari take daɗi. Bishiyar kuwa guguwa ta kayar da ita a 1900 ta sake tsirowa, yanzu ciwon saiwa ke cinta.