Yadin auduga da kittani a zafin Jidda

Ni dai a zafin Jiddan nan bana sa jallabiyar foliyesta, ka fita da azahar gumi ya jiƙa ka sharkaf. Yadin da aka haɗa auduga da kittani (wato lilin) shi ne nawa, iska na ratsa shi kuma yana saurin bushewa.

Kittani zallansa akwai sanyi amma fa yamutsewa, kana zama a mota shikenan guga ta tashi a banza, shi yasa masaƙu ke gutsuttsura dogon zarensa ya dawo gajere kamar na auduga sannan a kaɗa su tare, audugar ta kawo laushi. Yawancin kittanin ma daga Faransa ake nomo shi. In ka shiga kasuwar Balad da ke tsohon garin Jidda ka damƙe bakin yadin a hannunka ka saki, in ya yamutse to wataƙila akwai kittani a ciki, amma fa auduga zalla ma tana yamutsewa.