Giwayen Gorongosa da ba su da haure

Shekaranjiya na dawo daga Mozambik, har yanzu ƙurar gandun dajin Gorongosa ba ta gama fita daga takalmina ba. Daga Beira muka hau mota. A wani shinge kafin Inchope wani jami'i ya karɓi fasfona yana jujjuya shi kamar mai zaɓen tumatir, ko sannu babu. Namu na gida ko za su tatse ka, sai sun tambayi iyali tukuna.

Washegari da sassafe muka fita daga sansanin Chitengo, ba mu yi nisa ba sai ga garken giwaye. Na ƙura wa uwar garken ido: ƙatuwa, kunne duk a yage, amma baki fayau, ba haure ko ɗaya. Wadda ke bin ta ma haka. Ni da na saba da giwayen Yankari na ce wa jagoranmu, "Cire musu aka yi?" Ya yi dariya, ya ce haka aka haife su.

Ya ce a yaƙin basasar 1977 zuwa 1992 mayaƙa sun yi ta kashe giwaye, su ci nama, su sayar da haure su sayi makamai, har kusan kashi 90 cikin 100 suka ƙare. Kafin yaƙin, kashi 18.5 na matan ne ba su da haure. Cikin waɗanda suka tsira, rabi.

Na yi masa gardama. Na ce in ka gauraya farin wake da ja a buhu, ka damƙo hannu ɗaya, ai ja zai iya rinjaya ba tare da wani dalili ba. Ya ce haka ne, in dabbobi suka yi kaɗan, dace kawai kan ɗaga wata ƙwayar gado ya shafe wata. Amma a 2021 Shane Campbell-Staton na Jami'ar Princeton da abokan aikinsa sun lissafa, suka ga dace bai isa ya kawo wannan ba: marar haure ta ninka mai haure sau biyar wajen damar tsira. Bindiga ce ta yi tankaɗen.

Abin da ya fi ɗaure min kai, da wuya ka ga toron giwa marar haure a dajin. Ɗan tayi namiji in ya gaji ƙwayar rashin hauren, mutuwa yake yi a ciki, shi ya sa biyu cikin uku na 'ya'yan da marasa haure ke haifa mata ne. Nan na tuna garkenmu na Yankari, kaɗan ne kuma a killace. Su wannan damƙar waken nake jiye musu.

Tsada kam sai mai dala. Kuɗin kwana ɗaya ya isa ka yi kwanaki kana wanka a Wikki. Yazawar bakin hanya ce kawai na samu da araha, na ciko jaka, na kuma haɗa da kofi na Dutsen Gorongosa.

Daga nan Beira, kwana ɗaya, jatan lande mai yajin da ya sa ni hawaye, sai filin jirgi.