Da na'urar ɗakin tiyata daga Bauchi zuwa Gombe

Yayana injiniyan kayan asibiti ne, shi ya ja ni wannan tafiya don yana neman wanda zai zauna a bayan mota ya sa wa kaya ido. Kayan kuwa na'urar hoton ƙashi ce ta ɗakin tiyata, wadda likitoci ke kira si-am, mai lanƙwasasshen hannu da ke zagaye gadon majinyaci. Wani asibitin kuɗi a Gombe ya saye ta, ta hannu ce daga Turai. Ana idar da sallar asuba muka ɗaure ta a bayan a-kori-kura, muka cusa katifu ta ko'ina, muka bar Bauchi.

Hanyar kusan kilomita 150 ce, amma Yaya ya hana direba taka mota. Duk ramin da muka faɗa sai ya leƙo ta taga ya ce, "Ta motsa?" Mun tsallake gadar Dindima, kogin Gongola ya ja baya sai yashi, masu zuwa Yankari suka karkata dama suka bar mu muna rarrafe. A Alkaleri muka tsaya cin masa, nan na ce masa, "Yaya, ƙarfen da ya haura kilo 200 ne ake lallaɓawa kamar ƙwai?" Ya ce ƙarfen ba ya ba shi tsoro. Kwalbar da ke fitar da hasken ɗaukar hoton ce, tana kwance cikin mai a ƙarshen hannun, in ta fashe sai an yi odarta daga waje, da dala.

Daga nan har Bara hirar kasuwar muka yi. Kamfanin Philips ne ya fara fito da irin wannan na'ura a 1955, yau kuma shi da Siemens da GE da Ziehm na Jamus ne manyan masu ƙera ta, 'yan Sin na biye da masu rangwame. Asibitocin Turai suna komawa sabon samfuri mai shafaffen farantin ɗaukar hoto, wanda hotonsa ya fi fita tas, tsofaffin kuma su gangaro mana. Tun da aka saki naira a 2023, in ji shi, masu tambayar sabuwa sun ragu ƙwarai. Ni dai abin da na lura, mai sayarwa yana Legas, kayan gyara suna ƙetare, wanda zai taɓa ta in ta tsaya kuma ga shi nan yana cin masa a bakin titi. Wanda ya saye ta bai tanadi mai gyara ba, ado ya saya wa ɗakin tiyata.

Rana ta take muka shiga Gombe. Majiya ƙarfi suka sauko da ita a kan katako. Aka rataya mini rigar dalma mai nauyin tsiya don kariya daga hasken na'urar, Yaya ya ajiye makullan motarmu cikin jakar fata a kan gado, ya taka fedar ƙasa. Nan take ga makullan a allo, har da zoben da ya haɗa su, jakar kuwa sai inuwa.

Likitan ƙashin ya yi murmushi. Ya ce yawancin masu zuwa masa 'yan haɗarin babur ne, wasu ma sai ɗorin gida ya ƙi. In zai zura ƙarfe cikin ƙashin cinya, da wannan na'ura yana ganin inda ƙusa ta dosa ta 'yar ƙaramar tsaga, babu buɗe cinya gaba ɗaya, babu jiran hoton bayan aiki kafin a gane an kauce. Ya kuma ba mu labarin ƙarfen SIGN, wanda wani likitan Amurka, Lewis Zirkle, ya ƙirƙiro musamman don a iya sa shi ba tare da na'urar ba, saboda asibitocin da ba su da ita.

Ana cikin haka wutar gari ta yi ƙasa, allon ya ɗauke. Yaya ya zare soket da sauri, ya dubi mai asibitin ya ce, "Alhaji, ba zan sa hannu a takardar miƙawa ba sai an kawo sitabilaiza, a ja mata layinta daban daga janareta." Alhaji ya ce ai kuɗi sun ƙare a wajen saye. Suka yi ta ja har la'asar, daga ƙarshe aka tura yaro kasuwa ya tambayo farashi, mu kuma muka sallami direba muka nemi masauki.