Makonni shida ina cewa "da sauƙi"

Saura kwana 22 a ɗauki azumin 2024 na karya idon sawuna na dama. Ni tela ne a Kano, kuma kekena na ƙafa ne. Duk wanda ya taɓa zama a shagon ɗinki ya san ma'anar wannan lissafi: abin da tela zai samu daga farkon azumi zuwa daren Sallah shi ke riƙe gidansa wata da watanni.

Abin ba wani haɗari ba ne da za a ba da labarinsa a majalisa. Bayan isha'i na sauko daga adaidaita sahu da ƙunshin shaddoji a hannu, na taka murfin kwata, ya juye. Ƙafa ta shige, jiki ya tafi wani gefen. Na ji ƙarar da kunnena, ƙas, kamar an karya busasshen kara.

A daren nan gida ya rabu biyu. Kawuna ya ce a kira mai ɗori, yayana ya ce sai an ɗauki hoto tukuna. Hoton ne ya raba gardama. Ashe ƙulluttukan nan biyu da muke shafawa a gefen idon sawu ƙarshen ƙasusuwan ƙwauri ne, babba ta ciki, siriri ta waje, su ne suka riƙe gaɓar kamar bakin awartaki. Nawa duka biyun sun karye, ɗaya ya goce. Likita ya ce gaɓar da ke ɗaukar nauyin mutum idan ta haɗe a karkace, ko da kaɗan ne, ciwon zai dawo da shekaru. Aka jira kwana 6 kumburi ya sauka, aka shiga da ni tiyata, aka sa ƙarfe da kusoshi, aka naɗe ƙafar da filastar nan da muke kira siminti. Umarni ɗaya aka yi ta nanata mini: mako 6 kada ƙafar ta taɓa ƙasa da nauyi, kuma ta zauna a sama kan matashi.

Makon farko kusan biki ne. Zaure ya cika da takalma. Lemo, ayaba, maltina, 'yan kuɗi a ƙarƙashin matashi. Kowa ya shigo sai ya ce, "Ya jiki?" na ce, "Da sauƙi, alhamdu lillahi." A lokacin ciwon ƙashi ne kawai, shi kuwa yana da magani, ana haɗiya ya lafa.

Mako na uku aka ɗauki azumi, ranar Litinin 11 ga Maris, takalma suka ragu a zaure. Ban ga laifin kowa ba, kowa da abin da ya dame shi. Amma daga nan ne na gane cewa raɗaɗin ƙafa shi ne ƙaramin al'amari. Banɗakinmu na tsuguno ne, sai da aka huda kujerar roba aka ɗora a kai. Mutum mai shekara 41, ƙaninsa na tsaye a ƙofa yana jiran ya ce ya gama. Da sanduna biyu a hammata ba ka da hannu, ko kofin ruwa ba ka iya ɗauka daga nan zuwa can. Zafi ya shigo, ga rashin wuta, ga ƙaiƙayi a ƙarƙashin siminti inda yatsa ba ya kaiwa, kuma an hana ni zura tsinke don kada na ji wa fatar rauni ban sani ba. Da dare ina jin liman yana jan asham a lasifika, ina jin sawun mutane suna wucewa masallaci, ni ina zaune a bakin katifa ina salla da ƙafa a miƙe.

Sai masu kaya suka fara zuwa. Ba da faɗa ba, da kunya ma suke zuwa. "Malam, Allah ya ƙara sauƙi. Dama shaddar nan ce, na ce ko za a ba ni, tunda lokaci ya matso." In sa yaro ya je shago ya ɗauko. Wani da na yi wa ɗinki shekara 9 ya karɓi tasa yana ta ba ni haƙuri, na yi dariya na ce ba komai. Yana fita na juya fuska bango.

Abin da na fi jin kunyarsa ya faru ne ranar 12 ga azumi. 'Yar autata, mai shekara 4, ta ɗauki sandata ɗaya tana kwaikwayon tafiyata, tana ɗingishi tana dariya. Na daka mata tsawar da ban taɓa yi wa ɗa ba. Ta saki sandar ta tsaya ƙyam, ko kukan ta kasa. Mai ɗakina ta shigo daga madafi da ludayi a hannu, ta dube ni, ta ɗauki yarinyar ta fita. Ba ta ce uffan ba. Bayan an sha ruwa ta kawo kunu ta ajiye ta ce, "Malam, ƙafarka ce ta karye, mu ba mu karya ta ba." Kwana biyu yarinyar ba ta shigo ɗakin ba.

A tsakanin nan barci ya juye mini. In kwana ina latsa waya, ina kallon hotunan ɗinkin Sallah da abokan sana'a ke sawa a WhatsApp, in wuni ina barci. Abinci ya fita raina. Na daina aske gemu, na daina ɗaukar waya idan an kira. Da daddare yara na wucewa da gangunan tashe, abin da kullum ke sa ni dariya, na ji kamar su yi nesa da ƙofata. Duk da haka wanda ya leƙo ya ce ya jiki, amsa ɗaya ce. Gaisuwarmu ba ta bar wata ƙofa ba. Ba a taɓa jin wanda aka ce wa "ya jiki" ya ce "babu sauƙi" ba, sai a ce ya yi wa Allah butulci. Kuma tambayar kanta jiki take nema, ba ta tambayar abin da ke cikin ƙirji.

Wanda ya ɓalle wannan ƙofa wani dattijo ne maƙwabcinmu. Acaɓa ya yi kafin a hana ta a Kano a 2013, kuma a kan babur ɗin ya taɓa karya cinya, ya yi wata huɗu a kwance. Ya shigo bayan la'asar, ya zauna a tabarma, muka gaisa, na ba shi amsar da na saba. Ya yi shiru yana kallon simintin, sannan ya ce, "Ka fara kukan dare, ko tukuna?"

Na ce, "Baba, wane irin kuka kuma?"

Ya ce, "Ni a mako na uku na fara. Na ɗauka ni kaɗai ne lalatacce."

Ban san lokacin da hawaye suka zubo ba. Bai ce in yi haƙuri ba, wannan na riƙe. Kowa ya ce mini in yi haƙuri, kuma gaskiya suka faɗa, amma yadda muke faɗarta sau da yawa ma'anarta ita ce ka yi shiru. Shi ya bar ni na yi magana har aka kusa kiran magariba: tsoron kada ƙafar ta ƙi taka keke har abada, kuɗin adashin mai ɗakina da ya tafi a tiyata, kunyar kujerar roba. Da zai tashi ya ce, "Hannunka lafiya ƙalau yake. Tela da hannu biyu yana kwance yana kallon silin?"

Washegari na sa aka kawo mini almakashi, alli da tef. Na zauna a tabarma, ƙafa a kan matashi biyu, na yanka riguna uku, yaran shago suka ɗauka suka je suka haɗa. Ba su kai rabin abin da nake yankawa a tsaye ba, kuma bayana ya yi tsami. Amma ranar na yi barci da dare. Daga nan na karɓi duk aikin hannu: sa maɓalli, kalmasa, aikin wuya da allura wanda rabona da shi tun ina almajirin ɗinki. Na ba babban yarona mukullin shago, abin da shekara 6 ina jan ƙafa a kai. Ya yi kuskure a wando biyu. Sauran ya yi su daidai, wasu ma, in faɗi gaskiya, layinsu ya fi nawa miƙewa.

Sauran abubuwan da suka taimaka ƙanana ne, har ina jin nauyin lissafa su. Na koma yin wanka da sa kaya masu guga kowace safiya, da leda ɗaure a ƙafa, ko ba inda za ni. Bayan la'asar a fitar mini da benci ƙofar gida in ga mutane, in sha iska. Waya kuma mai ɗakina ke ɗauke ta ƙarfe 10 na dare, da yardata, duk da na sha yin da-na-sanin yardar. Wani abokina ya kawo mini tiramol ya ce yana sa mutum ya manta damuwa. Na san samari nawa ƙwayar nan ta cinye a unguwarmu, na mayar masa, na tsaya a kan abin da likita ya rubuta.

Ta fuskar ibada limaminmu ya sauke mini wani dutse. Ya nuna mini yadda zan shafi simintin da jiƙaƙƙen hannu a alwala maimakon wankewa. Ya tuna mini cewa Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya umarci Imrana ɗan Husaini, da ba shi da lafiya, ya yi salla a tsaye, in bai iya ba a zaune, in bai iya ba a kishingiɗe. Ya kuma kawo hadisin da ke cewa idan bawa ya yi rashin lafiya ko tafiya, ana rubuta masa ladan abin da ya saba yi yana lafiya a gida. Na san hadisan tun ina yaro. Ban taɓa jin su a matsayin wanda ake magana da shi ba sai ranar.

Da na koma asibiti, likita ya ce ya jiki, na ce ƙafa da sauƙi, amma ni ne ba daidai ba. Na zaci zai yi dariya. Sai ya ajiye biro ya shiga tambaya: barci, cin abinci, ko akwai abin da har yanzu ke faranta mini rai, ko na taɓa jin gara ma a ce ba na raye. Ya ce wannan abu ne da suke gani sosai ga masu karaya, musamman wanda sana'arsa ta tsaya. Ya ce idan ƙuncin ya wuce mako biyu kullum ba sassauci, ko tunanin cutar da kai ya shigo, to ya zama ciwon damuwa, yana da likitocinsa da maganinsa, kada a tsaya jira. Nawa ya riga ya fara ɗagawa, don haka muka tsaya a kan in dawo in gaya masa. Ya kuma ja kunnena da wani abu dabam: zaman wuri ɗaya na iya sa jini ya daskare a jijiyar ƙafa, in na ji sharaɓa ta kumbura tana zafi, ko numfashi ya sarƙe, a kawo ni a daren.

Saura kwana 4 Sallah aka yanke simintin. A raina na riga na gama shiri, zan taka da ƙafata zuwa idi ranar Laraba 10 ga Afrilu. Abin da ya fito daga simintin ban gane shi ba: ƙwauri ya tsotse kamar na yaro, fata na saɓa, gaɓa ta ƙage ba ta lanƙwasa ko kaɗan. Na sa ta ƙasa na ji kamar na taka ƙusoshi. Nan na sake faɗawa rami na biyu, kuma shi ne wanda ba wanda ya gargaɗe ni a kansa. Mako 6 ɗin na haɗewar ƙashi ne kawai. Tafiya aba ce da ake sake koya, kumburin yamma kuma yana iya bin mutum wata da watanni. Idi a adaidaita sahu na je, na yi salla a kujera a gefen sahu.

A sashen gashin ƙashi aka ba ni aikin da na raina: rubuta baƙaƙe a iska da babban yatsa, jawo tafin ƙafa da tawul, daga baya ɗagawa a kan yatsu ina riƙe da bango. Na daina tambayar yaushe zan warke, domin tambayar ba ta haifar mini da komai sai baƙin ciki. Na koma ƙirga abin da ke gabana. Yau na kai bakin zaure da sanda ɗaya. Jibi na kai wurin mai shayi. 'Yar autata ce mai ƙirga mini taku, ita da na yi wa tsawa, tana gaba tana tafa hannu, kuma ƙirgarta ba ta wuce goma, sai ta koma ɗaya.

Da mai gashin ta ji sana'ata sai ta yi murmushi, ta ce matakin keken ɗinki motsin da take nema ne, gaba da baya. Ta ce in fara da minti biyar, ba zare ba ƙyalle. Ranar da na zauna a kan kekena na taka shi fanko, ƙarar nan ta tashi, yaran shago suka yi tsit suna kallona, na yi kamar wani abu ya faɗa mini a ido.

Babbar Sallah, 16 ga Yuni, ni na ɗinka kayan gidana da ƙafata, ina yi ina hutawa. Mutumin nan na shekara 9 ya dawo da sabuwar shadda, ba wanda ya tayar da zancen a cikinmu. Har yau ƙarfen na nan ciki, da sanyin hunturu yana gaya mini yana nan. Zaman tahiya ne ya fi daɗewa bai dawo ba, sai da na yi kusan wata 8 kafin na iya kafa ƙafar dama yadda na saba.

Kwanakin baya aka ce wani mai gyaran waya a layinmu ya faɗo daga tsani ya karya ƙafa. Ban je a makon farko ba, na san zauren a cike yake. Na bari sai da ya shiga na uku, na tafi bayan la'asar, hannu rabbana, na zauna a tabarma. Na ce ya jiki, ya ce da sauƙi. Na gyara zama.