Ranar da na gwada rezar ƙarfe

Yau da safe, bayan na yi kwana huɗu ban kai reza fuskata ba domin ƙurajen da suka feso mini a wuya su lafa, na gwada rezar ƙarfe irin ta da, wadda ake kwance kanta a saka siririyar reza mai kaifi a gefe biyu, ko da yake gefe ɗaya ne kaɗai ke taɓa fata a lokaci guda. Wani ɗan kasuwa mai suna King Camp Gillette ne ya samu haƙƙin mallakar ƙirarta a Amurka a shekarar 1904, kuma har yau siffarta ba ta canza sosai ba.

Na daɗe ina aski da reza mai baki biyar, ina ganin yawan baki shi ne inganci. Ashe bakin farko yana jan gashi ne ya ɗago shi, na bayansa su yanke, sai guntun ya koma ƙasa da fata. Ga mai murɗaɗɗen gashi irina, idan guntun nan ya tashi tsirowa sai ya lanƙwashe ya soki fata, wurin ya kumbura ya yi ƙaiƙayi.

Kafin in fara, na bi fuskata da yatsa a gaban madubi don in gane inda gashi ya kwanta, abin da ban taɓa yi ba duk tsawon shekarun nan. A kumatu ƙasa ya nufa, amma a ƙarƙashin haɓa ya karkata wajen kunnen dama, a kusa da maƙogwaro kuwa sama ya kalla, wato daidai wurin da nake jan reza ƙasa kullum, kuma nan ne ƙurajen suka fi yawa. Na jiƙa fuska da ruwan ɗumi na kimanin minti uku, na tada kumfa da buroshi, sannan na karkata rezar kamar digiri 30 ina ja kaɗan-kaɗan, ina bin kwanciyar gashin. Ana jin ƙarar yankan a fili, ƙaras-ƙaras, idan ta ɗauke kuma sai in san na ɓata riƙon.

Hannu dai bai manta halinsa ba. A kusurwar muƙamuƙi na danna kamar yadda na saba, alhali nauyin rezar kaɗai ya isa, nan take jini ya tsattsafo a cikin farar kumfa. Na sake bin kumatu ta gicciye, wuya kuwa na bar shi a bi ɗaya, na wanke da ruwan sanyi.

Yanzu da dare, idan na shafa wuyana ina jin ɗan kaushi, amma babu zafin nan da ya saba hana ni ɓalla maɓallin kwala. Jibi zan sake, in lura da muƙamuƙin nan.