Wuƙar Daji Ta Farko: Kuɗina Sun Tafi Sau Biyu Kafin In Yi Hankali

Shekarar da na fara bin kawuna kwana a gona lokacin kaka, abin da na fara saya shi ne wuƙa. Ƙatuwa ce, ruwanta ya kusa tsawon damtsena, sai ƙyalli take yi, bayanta da haƙora kamar zarto. Ƙotarta rami ce a ciki, an cusa ashana da ƙugiyar kamun kifi, ga ɗan kamfas a murfin. Kawu ya karɓa ya jujjuya, ya miƙo mini, ya ce, “Yaƙi za ka?”

Kwana na uku na ɗora ta a kan busasshen reshe, na buga bayanta da itace don in tsaga makamashi. Ruwan ya tafi gabas, ƙotar ta rage a hannuna. Da na duba sai na ga ƙarfen da ya shiga ƙotar bai fi gaɓar yatsa ba, ɗan noti ne kawai ke riƙe da shi.

Ƙannena, a nan ne duk maganar take. Amfanin wuƙar kube a kan mai naɗewa shi ne ba ta da gaɓar da za ta saki, to idan ƙarfen ya tsaya a bakin ƙota ka sayi gaɓar da kake gudu. Juya ƙotar ka duba gefenta. Wadda ake so ita ce wadda za ka ga ƙarfe ya ratsa tsakanin katako biyu har gindi, an ɗaure da ƙusa biyu ko uku. Idan roba ce ta rufe ƙotar, tambayi inda ƙarfen ya tsaya. Mai kaya ya fara kame-kame, ajiye masa abinsa.

Girman ma yaudara ne. Lissafa abin da za ka yi a daji: yanka igiya, feƙe turke, fere rogo, yanka albasa, gyara zabo ko fiɗar ɗan akuya. Ruwa mai tsawon santimita 10 zuwa 12 ya ishe ka duk wannan. Sara aikin adda da gatari ne, kuma ba su da tsada.

Ta biyu wajen maƙeri na je, ya ƙera mini da ƙarfen sifirin na mota. Wannan kam wuƙa ce, gashin hannu take askewa, kuma shafa biyu a dutse ta dawo da kaifinta. Laifin nawa ne. Na wanke ta da damina, na mayar da ita kuben fata da danshinta, na manta da ita wata guda. Fata tana riƙe laima. Da na zaro ta, tsatsa ta ci bakin har ya yi giɓi. Baƙin ƙarfe haka yake: ya fi daɗin wasawa, amma sai ka goge shi ya bushe, ka shafa masa ɗan mai, ko na gyaɗa ne. Wanda ya san shi malalaci ne irina ya sayi ƙarfen da ba ya tsatsa, ya haƙura da ɗan wahalar wasawa.

Ita ce kuma ta bar mini tabo a manuniya. Ƙotarta sumul take, ba tudun da zai tare yatsa. Ranar layya hannuna duk kitse, tsinin ya ci karo da ƙashi, hannu ya zame ya sauka kan kaifi. Tun daga nan ba na sayen wuƙa sai na damƙe ta na ji yadda ta zauna, na tabbata akwai abin da ya raba yatsana da bakinta.

Yanzu Morakniv nake riƙewa, ƙirar garin Mora na ƙasar Suwidin, ruwanta kusan santimita 10, ƙotar roba mai kama hannu. Ƙarfenta bai kai gindin ƙota ba, ya dai yi nisa a ciki, don haka ba na dukanta da itace. Ba dole sai ita ba. Maƙerinmu na gida zai yi maka mai kyau idan ka faɗa masa tsawon da kake so, ka ce ya ratsa ƙarfen har ƙarshe, ya bar maka matarin yatsa. Sannan ka kai wa baduku ya ɗinka kube daidai da ita. A Kasuwar Kurmi ta Kano ma ana samun masu wannan aiki. Kifa kuben ka girgiza, in ta faɗo a sake.

Kuma kada ka rataya ta a ƙugu cikin gari. Yadda ake fama da 'yan daba da masu ƙwacen waya, jami'in tsaro ba zai tsaya jin labarin gonar kawunka ba. Tawa a ƙasan jaka take tafiya, tare da tocila da igiya, sai mun bar kwalta nake ɗaura ta.